Shekarun lalube: yadda ɗalibin zane ke koyon gani a Zariya

Duk wanda ya shiga harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ya bi ta wajen Tsangayar Tsara Muhalli, zai tarar da wani fili a ƙarƙashin itatuwa cike da siffofi na siminti da ƙarfe. Ayyukan ɗaliban Sashen Zane da Sassaƙa ne, waɗanda suka gama karatu suka tafi suka bar su ga rana da ruwan sama. Yawancin masu wucewa iyakar abin da suka sani game da sashen ke nan. Ainihin aikin kuwa yana can cikin ɗakunan situdiyo, inda ƙasa ta ɓaci da fenti, iska na warin kananzir, ɗalibai kuma kan kwana a tsaye idan ranar miƙa aiki ta matso.

Ɗalibin da ya samu gurbi a irin wannan sashe yakan zo da abu guda da ya iya. Galibi shi ne gwanin zane a makarantarsu ta sakandare, wanda ke kwaikwayon hoton gwamna ko ɗan ƙwallo da fensir har a riƙa zagayawa da takardar aji-aji. Yana zuwa sai ya tarar ba a ba shi damar tsayawa kan wannan gwanintar ba. A tsarin jami'o'in Nijeriya, sai a shekara ta uku ɗalibi ke zaɓar fannin da zai ƙware. Kafin nan dole ya taɓa komai: ya zana mutum yana zaune a gabansa, ya dama launi, ya yanka takarda ya liƙa, ya kwaɓa yumɓu, ya riƙe kyamara. Iyaye da yawa, da su kansu ɗaliban, suna ganin wannan kewaye-kewaye ɓata lokaci ne da kuɗi. Ni kuwa ina ganin a waɗannan shekaru biyu na lalube ne ake samun mai zane ko a rasa shi, domin a cikinsu ne ake koya wa ido gani, hannu kuma bin ido yake yi.

Tarihin wurin kansa ya goyi bayan wannan magana. Sashen ya girmi jami'ar. Ya fara ne a Ibadan a ƙarƙashin Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya, aka dawo da shi Zariya a 1955, jami'ar kuwa sai a 1962 ta buɗe. Yawancin malaman farko Turawan Ingila ne, kuma abin da suka sani shi suka koyar: tsarin jikin ɗan Adam, dabarar nuna nisa da kusa a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda, tarihin masu zanen Italiya da Faransa. A 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar da ake kira Zaria Art Society, waɗanda daga baya aka yi wa laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Ba su ƙaurace wa aji ba, ba su kuma raina abin da ake koya musu ba. Abin da suka ce shi ne, dabarar Bature kayan aiki ce, amma abin da za a faɗa da ita sai an nemo shi a gida. Suka riƙa amfani da hutunsu wajen bincike a garuruwansu. Okeke ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango, Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo.

Abin lura a nan shi ne babu ɗayansu da ya ƙare a inda ya fara. Onobrakpeya ya karanta zanen fenti, amma duniya ta san shi ne da buga zane daga faranti da ya sassaƙa. Grillo ya yi suna da shuɗin launinsa, ya kuma yi gilasan coci-coci masu launi a Legas. Nwoko ya bi ta zane, ya shiga wasan kwaikwayo, ya ɓulle a gine-gine. Shi ya tsara ginin 'yan Dominika a Ibadan, kuma a 2023 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a baje kolin gine-gine na Benis da ke Italiya, yana da shekara kusan casa'in. Da an ɗaure kowannensu ga fanni guda tun ranar farko, da an yi asarar rabin abin da suka bari.

Mutum a gabanka

Darasin da ya fi karya girman kan sabon ɗalibi shi ne zanen mutum ido da ido. Ana zaunar da wani a tsakiyar ɗaki, a kan kujera ko dandamali, ɗalibai su kewaye shi kowa da allonsa da faffaɗar takarda da gawayi. Gwanin kwaikwayon hoto a nan yake gane cewa hoto ya riga ya yi masa rabin aiki: kyamara ta baje mutum a takarda, ta yanke iyaka, ta tsayar da inuwa. Mutum mai rai kuwa yana numfashi, kafaɗarsa tana sauka idan ya gaji, hasken taga yana matsawa daga goshinsa zuwa kumatu kafin a tashi daga aji.

Ga yadda abin yake a kusa. Ɗalibi ya miƙe hannunsa gaba ɗaya, fensir a tsaye tsakanin yatsunsa, ya rufe ido guda. Ya daidaita kan fensirin da tsakar kan wanda ake zanawa, ya zame babban yatsa har ya zo daidai haɓa. Wannan tsayin kai shi ne mudunsa. Da shi zai auna sauran jiki, ya ga cewa baligi a tsaye yakan kai kai bakwai da rabi, ya ga gwiwar hannu tana faɗuwa kusa da ƙugu, ya ga idanu suna tsakiyar kai ne ba can sama ba kamar yadda hankalinsa ke raya masa. Idan ya lanƙwasa hannu ko kaɗan tsakanin awo da awo, komai ya rushe. Malam yana zagayawa ta baya. Ba ya yawan magana. Ya karɓi gawayin, ya ja layi guda daga kunne zuwa diddige don ya nuna inda nauyin jiki ya sauka, ya miƙa ya wuce. Ɗalibi ya ce, “Malam, ai haka na gani.” A nan gyaran yake, domin ba abin da ya gani ya zana ba, abin da ya sani ya zana. Ya san hannu yana da yatsu biyar sai ya jera biyar, alhali daga inda yake tsaye uku kawai ake gani.

Akwai zama na minti ɗaya ko biyu, inda wanda ake zanawa ke sauya tsayuwa da sauri, ɗalibi kuma ya kamo motsin da layuka kaɗan ba tare da ya tsaya kan ido da hanci ba. Akwai kuma zama mai tsawo na sa'o'i, da hutu a tsakani, a sa alli a yi alama a inda ƙafafu suke don a koma daidai. Daga nan sai a kora ɗalibai waje da littafin zane: kasuwar Samaru, tashar mota, wurin masu faci, garken shanu a bakin hanya. Ɗalibin Arewa yana da wata gata a nan da na Landan ba shi da ita, wato tufafi. Babbar riga da aka naɗe hannunta a kafaɗa, rawani mai kunne biyu, mayafi da iska ta ɗiba, zanen da aka ɗaura aka goya yaro, duk makaranta ce ta naɗi da nauyi da inuwa. Wanda ya iya nuna cewa akwai gwiwa a ƙarƙashin yadi goma na shadda ya fahimci jiki fahimta ta gaske.

Ba zai yiwu a yi wannan magana a ƙasar Hausa a tsallake batun addini ba, kuma bai kamata a tsallake ba. Ɗalibi Musulmi yana shiga wannan aji ne da sanin hadisan da suka zo a Bukhari da Muslim masu tsoratarwa game da yin surar abu mai rai, kuma damuwarsa ta gaskiya ce. Malamai sun yi bayani mai faɗi a kai. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta mafi yawan mutanenmu, an bambanta tsakanin sura mai jiki wadda ke da inuwa, da wadda aka zana a shimfiɗe a takarda ko bango. Hani mai tsanani yana kan ta farko idan cikakkiya ce, ta biyu kuma hukuncinta ya fi sauƙi. Wasu malaman sun tsananta a duka biyun. Hoton kyamara kuwa malamai da dama na wannan zamani, irin su Yusuf al-Ƙaradawi, sun halatta shi. Ba aikina ba ne in yanke hukunci, amma ina da ra'ayi kan yadda ya kamata makaranta ta ɗauki lamarin: kada a yi wa ɗalibin da ya tsaya kan iyakarsa kallon baƙauye, kada kuma a bar shi ya gama bai san cewa akwai hanyoyi masu faɗi da ba su bi ta kan sura ba. Zayyanar da ake yi wa allon sauka, da adon Alƙur'ani rubutun hannu irin na Barno da Kano, da aska takwas a ƙirjin riga, da dagi a ƙofar soro, duk ilimi ne na layi da daidaito da launi wanda ya kai a zauna a karance shi kamar yadda ake karanta na Italiya.

Launi da tsadarsa

A ajin fenti matsala ta farko ta aljihu ce. Fentin mai na ƙwarai daga waje ake kawo shi, farashinsa yana bin dala, kuma ƙaramin bututu na ja ko shuɗi mai kyau yana iya cinye kuɗin abincin mako. Don haka ɗalibi ke koyon dabara kafin ya koyi zane. Ya je wurin kafinta a haɗa masa firam, ya sayi yadi mai kauri a kasuwa, ya ja shi ya buga da ƙusa, ya shafe shi da farin fentin gida da aka gauraya da gam don kada yadin ya shanye mai. Buroshi a wanke da kananzir da sabulu. Launi kuma a sayi uku ko huɗu da fari, sauran a samo su ta hanyar gauraya.

Wannan talauci yana da wata fa'ida da ba a nema ba. Wanda ke da ja da rawaya da shuɗi kawai dole ya san abin da kowanne ke yi wa ɗan uwansa. Zai gano cewa inuwa ba baƙa ba ce. Inuwar da ke jikin katangar jar ƙasa da la'asar tana da shuɗi da ruwan hoda a ciki, kuma idan ya sa baƙi tsantsa sai bangon ya mutu. Zai gano cewa fatar baƙin mutum, wadda littattafan da aka rubuta a Turai ba su cika damuwa da ita ba, tana ɗauke da ja da kore da shuɗin sama a goshi da ƙashin kumatu. Zai kuma gano cewa Zariya gari biyu ne. A watan Agusta ciyawa kore shar, gajimare ya yi nauyi a kan Dutsen Kufena, komai yana da kaifi. A watan Janairu hazo ya sauko, dutsen ya koma toka-toka, nesa ta ɓace, launuka duk sun kwanta. Wanda ya zana wuri guda a waɗannan lokuta biyu ya koyi abin da lacca goma ba za ta ba shi ba.

Marigayi Gani Odutokun, wanda aka haifa a Gana a 1946 ya kuma koyar a wannan sashe har rasuwarsa a hatsarin mota a 1995, ya bar wa Zariya wata al'ada ta sakin hannu. Yakan tsinka fentin mai ya zama ruwa-ruwa, ya zuba a kan yadi ya bar shi ya gangara, sannan ya bi abin da ya fito ya ba shi ma'ana. Ɗalibansa da abokan aikinsa, ciki har da Farfesa Jerry Buhari, ɗan Kudancin Kaduna, sun ci gaba da wannan hali na gwaji. Amma Odutokun gwanin zanen mutum ne tun kafin ya fara zuba fenti. Ɗalibin da ke son ya tsallake gawayi ya faɗa zube-zube yana yaudarar kansa ne, kuma aikin nasa yakan tona shi.

Liƙe-liƙe shi ne darasin da aka fi rainawa, domin a ido kamar wasan 'yan firamare ne: almakashi, gam, tsofaffin jaridu. A 1912 ne Pablo Picasso da Georges Braque suka shigar da shi cikin zanen zamani a Faransa, lokacin da suka fara liƙa takardar bango da guntun leda mai zane a jikin ayyukansu. Amfaninsa ga ɗalibi shi ne yana raba shi da gwanintar hannu gaba ɗaya. Ba zai iya ɓoye raunin tsari a bayan kyakkyawar inuwa ba. Yana da guntaye ne kawai, ya matsar da wannan hagu, ya ɗaga wancan sama, ya duba, ya sake, kafin ya sa gam. Nan yake koyon inda ido ke fara sauka a kan aiki da inda yake bi ya fita.

Kuma a nan ne kayan gida ke shigowa da kansu. Ragowar atamfa daga shagon tela, guntun fata daga majema, buhun siminti, katin waya da aka kankare, fostar siyasa da aka yage daga bango, yadi mai shuɗin baba irin na marinar Ƙofar Mata. Kowane guntu yana zuwa da labarinsa. Atamfar da aka yi anko da ita a wani biki ba launi ba ce kawai. Duk macen da ta gan ta za ta tuna shekarar. Manyan masu fasahar da Nijeriya ke alfahari da su yau da wannan hanya suka fita. El Anatsui, ɗan Gana da ya shafe shekaru yana koyarwa a Nsukka, yana ɗinke murafan kwalabe da wayar tagulla su zama manyan labule masu ƙyalli da ake rataye su a manyan gidajen tarihi na duniya. Njideka Akunyili Crosby, 'yar marigayiya Dora Akunyili, tana haɗa fenti da yadi da hotunan iyali da na mujallun Nijeriya a aiki guda, kuma a 2018 an sayar da wani aikinta a kan sama da dala miliyan 3. A wurinta zanen mutum da fenti da liƙe-liƙe da hoto sun zama abu guda, ba a iya cire ɗaya a bar sauran.

Kyamara a hannun wanda ya iya zane

Yau kowa mai hoto ne, tunda kowa da waya. Wannan ya sa ɗalibi ke shiga ajin hoto yana ganin ba abin da za a koya masa. Darasin yakan fara da abu mai sauƙi: akwati ko gwangwani da aka rufe ruf, aka huda ƙaramin rami a gefe guda, sai surar abin da ke waje ta bayyana a ciki a kife. Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra ya yi aiki a Alƙahira kusan shekara dubu da suka wuce, ya yi bayanin wannan a bincikensa kan haske da gani, tun kafin a sanar da ƙirƙirar hoto a Faransa a 1839. Daga nan sai abubuwa uku da ke mulkin kowace kyamara: faɗin ƙofar da haske ke shiga, tsawon lokacin da take buɗe, da ƙarfin karɓar haske. Mai son ya tsayar da doki a tsakiyar sukuwa ranar hawan Daushe dole ya rufe da sauri ƙwarai. Mai son ya kama ɗaki mai fitila guda dole ya buɗe ya jira, ya kuma hana hannunsa rawa.

Wanda ya sha wahalar gawayi yana riƙe kyamara daban. Ya riga ya san cewa rana tsaka tana zurma idanu ta bar su cikin duhu, don haka yana fita da hantsi ko la'asar. Ya san ya duba gefunan hoto, ba tsakiya kawai ba. Ya san ya jira. Mai ɗaukar hoto J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Nijeriya a 1968, ya tara hotuna kusan dubu, yawanci daga baya ko gefe, da bango fari fes, kamar mai ɗaukar sassaƙa. Malick Sidibé na Bamako ya bi samari da 'yan mata wuraren rawa a shekarun 1960, kuma a 2007 ya karɓi Zakin Zinariya a Benis. Kusa da gida, Fati Abubakar, 'yar Maiduguri wadda aikin jinya ta fara karantawa, ta soma wallafa hotunan Bits of Borno a Instagram a 2015. A lokacin duniya ba ta ganin komai daga Barno sai ƙonannun gidaje da gawa. Ita kuwa ta ɗauki 'yan makaranta, da 'yan kasuwa, da amare, da tsofaffi a bakin ƙofa. Ba ta musanta bala'in ba. Ta nuna mutanen da yake faɗa wa suna da fuska da ado da sana'a.

Hoto kuma yana koya wa ɗalibi ladabin da zane bai tilasta masa ba. A kasuwa ba a ɗaga wa dattijo kyamara haka kawai. Sai an yi sallama, an gaisa, an ce, “Baba, ni ɗalibi ne daga jami'a, ko za ka yarda in ɗauki hotonka kana aikin nan?” Wani ya yarda, wani ya ƙi, matan aure kuma sau da yawa ba a ma tambaya. Ɗaliba mace a nan ta fi namiji dama, domin tana shiga cikin gida inda ake kitso da lalle da daka, duniyar da ba a cika ganin ta a hoto ba sai ta idon baƙo.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an gama. A ƙarshen shekara ta huɗu ɗalibi yana baje ayyukansa, malaman ciki da na waje su duba su ba da maki, 'yan uwa su zo a ɗauki hoto. Washegari sai tambayar inda za a kai manyan yadduka. Kasuwar zane ta Nijeriya tana Legas, inda ake baje kolin Art X tun 2016, sai kuma kaɗan a Abuja. A Kano da Kaduna da Sakkwato masu kuɗi suna kashe miliyoyi a kan labule da fitilu daga Dubai, amma kaɗan ne ke sayen aikin ɗan garinsu, in ban da hoton fuskarsu ko na wani basarake da za su kai gaisuwa. Don haka da yawa daga masu digirin ke komawa ɗaukar hoton biki, ko tsara fosta da kwamfuta, ko koyarwa, ko aiki a masana'antar fim ta Kano wajen tsara haske da wurin ɗauka. Waɗannan sana'o'i ne na halal, kuma wanda ya taɓa fannoni huɗu ya fi samun abin kamawa a cikinsu fiye da wanda ya san fenti kaɗai.

Abin da ya fi damuna yana can ƙasa, kafin jami'a. A makarantun gwamnati da yawa na Arewa darasin fasaha yana kan jadawali amma babu malami, babu takarda, babu launi. Yaron da aka kama yana zane a bayan littafi dukan tsiya yake sha. A Zariya, garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a a ƙarni na 19, da bakan gizo na ƙasa da masana gine-gine ke zuwa daga ƙasashen waje su auna, ana rushe tsofaffin gidaje masu zanen bango ana maye su da bulo da tayil, kuma magina masu wannan ado suna ƙarewa ba tare da magada ba. Akasarin 'yan tawayen 1958 daga Kudu suka zo, suka koma gida suka tono nasu. Aikin auna waɗannan katangu na Zariya da Kano da Katsina da Damagaram, da zana su, da ɗaukar hotonsu, da zama wurin sauran maginan a koyi yadda ake yi, yana jiran ɗaliban da ke aji ɗaya da aji biyu a yanzu, kuma kowace damina tana rage yawan abin da za su tarar.